Yadda Ake Riƙe Tsaftar Gida Mai Ƙananan Yara da Dabbobi a Birnin Kano

Duk matar da ta raini yara ta san wannan. Kin share falo tas, kin goge, kin sa turaren wuta, kin leƙa kicin don duba tukunya, kafin ki fito an kifar da kofin kunu a kan leda, an marmashe biskit a kujera, kyanwa kuma ta ratsa ta cikin kunun ta haye gado da sawunta. Yarana uku: babbar shekararta bakwai, na tsakiya huɗu, autan bai daɗe da fara tafiya ba. Muna da kyanwa, maigida yana da tattabaru a bayan gida, in Babbar Salla ta matso kuma rago yakan yi mako biyu ko uku a tsakar gida.

Na daɗe ina gajiyar da kaina a kan tsaftar da baƙo zai gani ya yaba. Daga baya na gane cewa a gida irin namu, abin da ya kamata a fara tsarewa shi ne abin da zai shiga bakin yaro. Filon kujera a karkace bai taɓa kai kowa asibiti ba, amma kashin kaza a inda yaro ke rarrafe yana kaiwa. A kan wannan na ɗora duk abin da zan faɗa miki, 'yar'uwa.

Mataki na farko: ki durƙusa ki ga gidan yadda mai rarrafe yake ganinsa

Ki samu safiyar da kike da sarari, ki durƙusa a tsakiyar falo, gwiwa da hannu a ƙasa, ki duba ko'ina. Ƙarƙashin kujeru, bayan labule, gefen firji, lungun da ke tsakanin gado da bango. A nan za ki tsinci ƙwayar maganin da ta faɗi tun watan jiya, da fil ɗin ɗankwali, da maɓalli, da ƙwallon dabino, da gyaɗa, da murfin biro. Ki tsince su duka. Ki bi ɗaki-ɗaki haka, har zaure.

Abu ɗaya nake so ki ba shi kulawa ta musamman, wato ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli da ke cikin agogo da wasu kayan wasa. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin kamar awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba na ɗaure da kusa ba ne, ki cire batirin ko ki rabu da shi. Soket ɗin da ke ƙasa ki tare shi da kujera ko kabad, wayar caja kuma kada a bar ta tana lilo.

Mataki na biyu: ki ɗauke guba kafin ki ɗauki tsintsiya

A nan zan daɗe, domin sau da yawa kayan da muke tsaftar da su su ne suka fi dattin haɗari.

Kananzir a robar lemo ko ta ruwa shi ne na ɗaya. Yaro ɗan shekara biyu da ƙishirwar bazara ta kama ba ya tsayawa sansana abu, kai wa baki kawai yake yi. Kada ki taɓa zuba kananzir, ko fetur ɗin janareta, ko bilic, a mazubin da aka saba shan abu a ciki. In kuma tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Aman ne ke tura kananzir cikin huhu, can kuma ɓarnar take. A ɗauke shi da robar abin da ya sha a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko na yara na Hasiya Bayero, ko na Murtala, ko na Malam Aminu Kano, duk wanda za a fi saurin isa.

Sai Sniper da fiya-fiya. Sniper maganin ƙwarin gona ne, ba a yi shi don ɗakin kwana ba, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. Duk da haka har yau ana yayyafa shi a ɗaki a rufe ƙofa, an jima a shimfiɗa wa yara su kwanta a wurin. Ni dai ba ya shiga gidana. Gidan sauro mai magani, da raga a taga, da hana ruwa kwanciya sun ishe mu.

Shinkafar ɓera kuwa illarta biyu ce a gida irin namu. Yaro zai iya tsinta ya ci, kyanwa kuma za ta iya cin ɓeran da ya ci gubar ita ma ta bi shi. Tarko ya fi, a ɗana shi da dare a inda hannun yaro ba ya kaiwa, a ɗauke da asuba. Ramin da ɓeran ke fitowa a toshe shi da siminti. Fararen ƙwallayen kafur da muke jefawa cikin kaya su ma da alawa suke kama a idon yaro, kuma suna iya fasa jinin wasu yaran har idonsu ya yi ɗorawa. Ki kawar da su daga akwatin kayan jarirai.

Kada ki haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da ruwan wanke masai irin Harpic, ko da ruwan kal. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, a ƙaramin banɗaki kuwa abin ba ya ɗaukar lokaci. Mata da yawa suna yi da nufin wai tayil ya fi haske. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, sannan a kawo ɗayan wata rana.

Dukkan waɗannan, haɗe da magungunan gida da reza da ashana, a tara su wuri ɗaya, a sama, a kabad mai makulli. Saman firji ko kan taga bai isa ba. Ɗan shekara uku ya iya jawo kujera.

Mataki na uku: ki ba kowace dabba wurinta, ki raba shi da wurin yaro

Mu fara da kyanwa, tunda ita ce ke shiga har uwar ɗaka. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Don haka jikinta da bakinta ba su ne matsalar ba. Kashinta da fitsarinta ne ake gudu, kuma Allah ya hore mata ɗabi'ar binne su. Aikinki kawai ki ba ta inda za ta binne.

Ki samo faffaɗar roba ko tsohon baho marar zurfi sosai, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Wambai, ki zuba yashi mai laushi kamar tsayin yatsa. Ki ajiye a lungun da ba hayaniya, nesa da kicin, nesa da inda take cin abinci, kuma inda mai rarrafe ba ya zuwa. 'Yar kyanwa in ta gama cin abinci ko ta tashi daga barci, ki ɗauke ta ki sa a kan yashin. Kwana kaɗan za ta gane. Kullum a kwashe abin da ta yi da wani tsohon ludayi da aka ware don haka, a ƙulle a leda. Sau ɗaya a mako a zubar da yashin gaba ɗaya, a wanke robar da omo, a shanya, a zuba sabo. In kin bar yashin ya yi zarni, ita da kanta za ta ƙaurace masa ta koma bayan kujera. Yawancin kyanwowin da ake cewa ƙazamai ne, wurin da aka ba su ne ya ƙazantu.

Kwashewar kullum tana da wani dalilin. Akwai ƙwayar cuta a kashin wasu kyanwowi da ke iya cutar da ɗan da ke ciki, kuma ba ta iya kama mutum sai kashin ya yi kwana ɗaya zuwa biyar. Saboda haka mai juna biyu ba ta taɓa wannan aikin. Lokacin da nake da cikin autana, maigida ne ya karɓe shi har na haihu. In babu mai taimakawa, a sa leda ko safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Ga wani abin da mutane ba sa lura da shi: tulin yashin gini da aka bari a tsakar gida ko ƙofar gida. A wurin yara filin wasa ne, a wurin kyanwowin unguwa kuwa bayi ne. Daga nan tsutsar ciki take samun hanya, musamman ga yaro mai cin ƙasa. Ki lulluɓe shi da buhuna ko tamfol, ki danne da bulo.

Kwanon abincinta da na ruwanta nata ne ita kaɗai, da soso daban, kuma a ɗauke ragowar abinci da zarar ta ƙoshi, kafin kiyashi da autan gida su iso. Kada a ba ta miya mai albasa ko tafarnuwa, suna lalata mata jini. Madara ma tana sa manyan kyanwowi da yawa zawo, kin ga an ƙara miki aiki. Farasitamol kuwa kashe kyanwa yake yi, ko ƙwaya ɗaya ce. Izal da Dettol ma ba sa yi da ita: in ta taka jiƙaƙƙen ƙasa ta lashe ƙafarta, hantarta ba ta iya sarrafa sinadaran da ke cikinsu. In kin yi amfani da su, ki ɗauraye, ki bari wurin ya bushe kafin ta shigo.

Ki riƙa taje ta a tsakar gida sau biyu a mako, gashin da zai zuba a kujera sai ya zuba a waje. Wanda ya riga ya manne a kujera, ki jiƙa tafin hannu ki shafa, zai dunƙule ki tsince. In kin ga wani wuri a jikinta ya gwaguye ya yi zagaye, makero ne mai yiwuwa, kuma yana kama yara. Ki kai ta asibitin dabbobi, akwai na Gwale, akwai na Kundila. A can za a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma tana ɗauka, a sabunta duk shekara, a ba ta maganin tsutsa duk wata uku, a ba ki maganin ƙuma da ya dace da ita. Kada ki shafa mata na kare ko na shanu, akwai waɗanda ke kashe ta. Muzuru mai fesa fitsari a bango da labule, fidiya tana rage masa wannan hali sosai. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, sannan a kai shi asibiti a ranar.

Ɗakin jariri da gadonsa ba wurin kyanwa ba ne, a riƙa jawo ƙofa. Sallaya kuma a naɗe a rataye bayan kowace salla. Ina roƙon masu dukan kyanwa, ko sa ta a buhu a kai ta bola don ta yi ɓarna sau ɗaya, su tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Dabbar da ka ajiye amana ce.

Kaji da tattabaru da zomo maganarsu ɗaya ce: akurki ko keji, a bayan gida. Kazar da ke yawo tsakar gida tana zubar da kashi duk inda ta ga dama, kashin nan kuma yana cikin abubuwan da ke sa yara gudawa. In wurin bai da girman da za a raba, a kafa shinge da raga ko tsohon langa-langa. Busasshen kashin tattabaru ba a share shi a bushe, ƙurarsa tana cutar da huhu. A yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci, a kankare, yara kuma su yi nisa.

Ragon layya a kafa masa turke a kusurwar da ta fi nisa da madafa, inda fitsarinsa zai gangara rariya kai tsaye. A share ƙarƙashinsa safe da yamma, a barbaɗa toka don ta tsotse danshi ta rage ƙudaje. Harawa da dusa a ajiye su a sama a rufe, in ba haka ba ɓeraye sun sami gida. Yara za su so shafa shi, ba laifi, amma da babba a kusa, kuma daga wurin rago sai wurin buta da sabulu. Masu kare don gadi, wurinsa waje ne, kwanonsa daban, rigakafinsa duk shekara.

Mataki na huɗu: ki rage kaya

Kowane abu da ke ɗaki sai an goge shi, an ɗaga shi, an hana yaro taɓa shi. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango, a gidan da ake yaye da koyon zama a fo, ba abin da yake tarawa sai zarni da ƙuma. Ki naɗe shi ki ajiye har yaran su yi wayo. Ledar ɗaki ko tayil, da tabarmar roba wadda za a fitar a wanke a shanya, sun fi miki sauƙi nesa ba kusa ba. Kujeru a yafa musu zanin da ake cirewa a wanke. Kayan ƙawa masu fashewa su koma sama.

Kayan wasa kwando ɗaya ya isa. Sauran ki ɓoye a buhu, bayan mako biyu ki musanya, za su karɓe su da murna kamar yau aka sayo. Takalma su tsaya a bakin ƙofa, na kowa da kowa har baƙi, domin abin da aka tako daga kwata da bakin titi bai kamata ya iso inda yaro ke sa hannu ba.

Mataki na biyar: aikin yini

Lokacin da ya fi albarka shi ne bayan sallar asuba, kafin yara su tashi. Ki fara daga wuri mai tsafta ki ƙare a mai datti: ɗakin kwana, falo, kicin, tsakar gida, wurin dabbobi, banɗaki. Tsintsiya uku nake da su. Ta laushi ta ɗaki ce, ta kwakwa ta tsakar gida, akwai kuma wata mai ɗaurin jan ƙyalle ta wurin dabbobi, wadda ba ta taɓa ƙetare bakin ƙofar falo. Tsumma ma haka, na kicin daban, na ƙasa daban, kowanne da launinsa don kada 'yar aiki ko yara su rikita.

Goge-goge daga sama ake farawa, taga da kanta da tebur, sannan shara, sannan mofa. Ki yi da bokiti biyu, ɗaya na ruwan omo, ɗaya na ɗauraya. Mai bokiti ɗaya dattin take zagayawa da shi daga ɗaki zuwa ɗaki. In kin gama ki wanke mofar ki kafa ta a rana. Ƙarnin da ake ji a wasu gidaje bayan an goge, daga mofar da ta kwana a jiƙe yake fitowa.

Ba kullum ake bukatar bilic ba, omo da ruwa sun wadatar a yawancin ranaku. Ranar da ake gudawa ko amai a gidan, ko za a wanke fo da banɗaki, sai a kawo shi. In na kashi 3.5 cikin ɗari ne, za ki ga an rubuta a jikin robar, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ta ruwa ya isa. A fara wanke wurin da omo, a shafa ruwan bilic, a bar shi minti biyar zuwa goma, a ɗauraye. Kullum sabo ake haɗawa, wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu.

Cin abinci wuri ɗaya ne, a kan tabarma ɗaya, a zaune. Wannan doka kaɗai ta rage mini rabin shara. Yaron da ke yawo da burodi a hannu yana shuka wa kyankyaso abinci ne a kowane lungu. An gama, a kakkaɓe tabarmar, a share, a kwashe kwanuka. Ƙa'idata a sauran yinin ita ce abin da ya zube mai ruwa ko mai maiƙo a goge shi nan take, kayan wasa da filo kuwa su jira yamma. In kin ce za ki bi bayan yaro kina tattarawa duk minti biyar, ke za ki gaji, shi kuma ki hana shi wasa.

Mataki na shida: fitsari, kashi da amai

Akwai maganar da ake yi cewa kashin yaro ba shi da illa. Ba gaskiya ba ce, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, sau da yawa ma fiye. Fo a juye shi a masai da zarar an gama, a wanke, a kife. Famfas a kakkaɓe kashin a masai, a naɗe, a ƙulle a leda, a sa a kwandon shara mai murfi. Kada a jefa shi cikin masai, toshewa zai yi, kada kuma a wurga shi kwata. Bayan kowane tsarki, hannu da sabulu, naki da na yaron, a cuɗa kamar daƙiƙa ashirin. Ki ajiye sabulu a kusa da buta don kada a ce an manta.

Katifar yara ki sa mata leda a ƙarƙashin zanin gado tun kafin a fara. In fitsari ya riga ya shiga, ki danna busasshen tsumma ya tsotse, kada ki goga, sannan ki bi da ruwa, ki sake tsotsewa, ki fitar da ita rana ta wuni. Zafin ranar Kano ba ya barin zarni. Kuma don Allah kada a daki yaro ko a tara masa 'yan'uwa suna yi masa waƙa don ya yi fitsarin kwance. Ba da gangan yake yi ba, tsoro kuma ƙara abin yake yi. A rage masa ruwa dab da barci, a tashe shi sau ɗaya cikin dare.

Fitsarin kyanwa kada a kwara masa bilic kai tsaye, haɗuwarsu ma tana tayar da iska mai cutarwa. A tsotse, a wanke da omo, a bi da ruwan kal da aka sirka rabi da rabi da ruwa. In ƙanshin fitsarin bai fita ba, gobe ma nan za ta dawo.

Mataki na bakwai: ruwa da shara

Mu da muke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa mun san darajar kowace jarka. Ruwan ɗaurayar wanki shi ne na wanke tsakar gida da banɗaki, ba a zubar da shi. Amma ajiyar ruwa tana zuwa da haɗarin da ya fi kowanne tayar mini da hankali. Yaro mai koyon tafiya kansa ya fi jikinsa nauyi. In ya leƙa bokiti ya faɗa da ka, ba ya iya fitowa, ba ya iya kuka, ko ruwan bai kai rabi ba. Bokiti da baho a juye su a kife da zarar an gama. Durom da murfi mai nauyi, rijiya da murfi da kwaɗo. Randar sha a rufe, moɗa a rataye, kada ta zauna a ƙasa inda kyanwa da yaro za su same ta.

Shara kada ta kwana a kicin. Hatsi da gari a zuba a robobi masu murfi, ragowar abinci a rufe, domin ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa yake shiga gida, kuma ya fi yawa a lokacin rani. In almajiri ne ke kwashe miki shara, ki nuna masa wurin da motocin REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, suke ɗauka, ki tabbatar can yake kaiwa ba kwatar bayan layi ba. Shi ma ɗan wani ne: ki ƙulle sharar da kyau, kada ki sa masa fasasshiyar kwalba a buɗe, in ya dawo ki ba shi sabulu ya wanke hannu kafin ki miƙa masa abinci. Ƙona shara mai leda a tsakar gida kuwa hayaƙinta a ƙirjin yaranki yake sauka.

Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe ba fita, maigida yana gida. Ranar ce ta manyan ayyuka: yashe kwata, janye gado da kujeru, goge fanka, yaye yanar gizo, wanke labule da akurki.

Mataki na takwas: ki bi yanayi

Hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, yaƙi ne da ƙura. Ki share yanzu, an jima ki rubuta sunanki a kan tebur. A wannan lokaci busasshiyar shara tayar da ƙurar kawai take yi ta sake sauka. Ki yayyafa ruwa kafin ki share tsakar gida, a ɗaki kuma jiƙaƙƙen tsumma da mofa su maye gurbin kakkaɓa. Ranar da hazo ya yi yawa a rufe tagogi, a tusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Yaro mai asma a fitar da shi daga ɗakin kafin a fara. Turaren wuta ma haka, ina son sa kamar kowace Bakanuwa, amma sai yara sun fita nake turara ɗaki, in bari hayaƙin ya lafa, kaskon kuma ba ya zama a ƙasa. Gawayin jin ɗumi ba ya kwana a rufaffen ɗaki.

Damina kuma ruwa ne abin bi. Sauro yana tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana goma, don haka duk mako ki zagaya ki kife gwangwani, tsohuwar taya, fasasshen tulu, ki sauya ruwan kaji da na tattabaru kullum. Ki ɗan janye katifa da kabad daga bango saboda danshi, duk ranar da rana ta buɗe a fitar da shimfiɗa.

Mataki na tara: kada ki ɗauka ke kaɗai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan shekara biyu zai iya jefa kayan wasa a kwando in kin mayar da abin wasa kuna yi tare. Ɗan shekara huɗu yana jera takalma, yana kai kofinsa wurin wanke-wanke. 'Yar shekara bakwai tana gyara shimfiɗarta, tana share falo, tana zuba wa kyanwa ruwa. Kashin dabba, da bilic, da banɗaki, aikin manya ne. In sun yi bai yi kyau ba, ki yaba, ki gyara bayan sun fita. Babbar 'yata in ta gama shara takan ce, "Umma, zo ki gani," kuma ko me nake yi nakan je in gani, don na lura ranar da ban je ba, washegari sai na yi ta kira.

Maza ma a sa su. Ban yarda da tarbiyyar da ke sa 'ya mace shara ɗan'uwanta yana zaune yana watsa ɓawon gyaɗa ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labari cewa Annabi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Mai tattabaru shi ke wanke ɗakin tattabarunsa, haka muka yi da maigida tun farko. A gidan haya kuwa, inda tsakar gida da banɗaki na kowa ne, gara a zauna a raba kwanaki tun kafin rai ya ɓaci, mai dabba kuma ya san kashin dabbarsa nasa ne ko ba ranarsa ba ce.

Mataki na ƙarshe: zagayen dare

Bayan isha'i, yara sun kwanta, minti goma zuwa sha biyar nake ɗauka. Kayan wasa su koma kwando. A share inda aka ci abincin dare, a wanke kwanuka ko aƙalla a jiƙa su a rufe. A fitar da shara, a ɗauke kwanon kyanwa, a duba yashinta, a rufe akurki. In na gaji ƙwarai, kamar ranar da aka yi baƙi ko yaro ba lafiya, nakan bar wanki da ninki da duk wani gyaran falo zuwa gobe, in yi uku kawai: ƙasa, abinci, ruwa. Abin da nake dubawa a ƙarshe shi ne murfin durom da sakatar banɗaki, saboda autana wani lokacin yakan riga ni tashi.